Kasuwar da ta Rage wa Inna Mai-sabulu

Sau biyu a shekara Inna Mai-sabulu take hawa jirgin sama, ta je wajen 'yarta da ke aikin jinya a wata ƙasa. Duk wanda ya tambaye ta abin da ke kai ta, sai ta ce jikoki. Ba ƙarya ta yi ba, amma 'ya'yanta sun san akwai saura. Shi ya sa suke murmushi idan ta ce a kai ta filin jirgi tun da hantsi, alhali jirgin sai da yamma zai tashi.

Abin da take yi wa sammako shi ne kantunan nan na can ciki, bayan an duba fasfo an wuce na'urar bincike, inda ake sayar da kaya babu haraji. Ba mai shiga wurin sai wanda ke riƙe da takardar shiga jirgi. Ɗan rakiya iyakarsa shinge, ya ɗaga hannu ya koma gida. A duk dokokin filin jirgi, wannan ce ta fi yi wa Inna daɗi.

Tun tana budurwa take kasuwa. Da faranti a ka ta fara, sabulun wanka da na wanki, har ta kama rumfa a layin masu kayan shafa. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida, ya kuma rasu autansu yana firamare. Rumfar nan ce ta yi karatun yara uku. Babban ya zama injiniya, ta tsakiyar malamar jinya, autan malamin makaranta. Da ƙarfinta ya fara ja baya sai suka haɗa kai suka ce ta huta. Aka bar wa 'yar ƙanwarta rumfar, ita kuma ta koma gidan Babban, ɗaki mai fanka da talabijin da taga mai kallon tsakar gida.

Surukarta mutuniyar kirki ce, kuma a nan gizo yake saƙa. Ba ta barin Inna ta ɗaga ko tsinke. Idan man shafawa ya kusa ƙarewa, kafin Inna ta buɗe baki an danna waya, mai babur ya kawo har ƙofa.

"Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni abinci," in ji ta. "Amma mutumin da ya saba taɓa kaya kafin ya saya, a wayi gari sai dai a miƙo masa a leda, ai an yi masa ritaya tun yana da rai."

Ranar da ta fara shiga kantunan filin jirgi, ta yi abin da har yau jikoki suke tsokanarta da shi. Ta ɗauki kwalbar turare, ta juya ta, ta dubi yarinyar da ke tsaron wurin.

"'Yata, nawa za ki bari?"

"Mama, kuɗin yana jiki."

"Na ga na jiki. Na bakinki nake tambaya."

Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce nan ba a tayi, na'ura ce ke yanke farashi. Inna ta ce to in na'ura ba ta da kunya, ita yarinyar ai tana da ita, sai ta yi mata gyara. Yarinyar ta jawo aljihun teburi ta ciro 'yan mitsi-mitsin kwalaben gwaji ta zuba mata a leda. Daga ranar Inna ta gane cewa ko a nan ma akwai ciniki, sai dai ba irin na baki ba.

Ba ta yarda da cewa duk abin da ke wurin araha ne ba. Ta ce kalmar babu haraji tana sa mutum ya saki jiki, mai kanti kuma ya san da haka. Kafin kowace tafiya takan sa a kai ta tsohuwar rumfarta, wai gaisuwa, ta zauna a kan benci tana jin yadda kaya suka tashi a gari. Da wannan a kai take shiga filin jirgi. Turare babbar kwalba, sau da yawa ya fi sauƙi a can. Cakulan kuwa sai a hankali, wani lokaci kantin bakin titi ya fi su adalci. Ba ta saye a kantin farko, sai ta zagaya ta dawo. Ta sha kashi ita ma. Akwai agogon da ta saya wa autanta, tana murna ta yi dace, ta dawo ta tarar da irinsa sak a hannun maƙwabcinsu, ya ce a kasuwa ya saya, kuma bai kai nata tsada ba. Mako guda ba ta yi maganar agogo ba.

Abin da ya fi komai shi ne, a can ciki ba mai ce mata "Inna, bari in ɗauko miki." Ita kaɗai ce da jakarta da idonta. Idan ta sauka, jikoki suka yi mata caa, kowa ya san abin da ya samu hannunta ne ya zaɓa.

Sai gwiwa ta zo da nata. Ta dama ce ta fara, ta hagu ta bi sahu. Likita ya ba ta sanda ya ce ta rage doguwar tafiya, filin jirgi kuwa ba komai ba ne sai doguwar tafiya a kan tayil mai santsi. A wata tafiya ta zame a kusa da matakala, wata fasinja ce ta tare ta. Labari ya kai kunnen Babban. Bai yi gardama ba, da ya tashi sayen tikiti na gaba sai ya rubuta a tanadar mata keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya.

Wanda ya tura ta a wannan karon mai sauri ne. Ya bi da ita ta layin gefe, aka duba ta, ya shiga wani lungu na ma'aikata, ya hau lif, na'urar hawa bene, da ita, kafin ta gyara mayafi sai ga ta a ƙofar shiga jirgi. Kantunan ko hasken fitilarsu ba ta gani ba. Ta yi niyyar komawa da ƙafa, ta duba nisan, ta duba sandarta, ta zauna.

Hannu rabbana ta sauka. 'Yarta ta ce ba komai, ganinta ya fi tsaraba. Mijin 'yar kuma, don ya kyautata, ya fita a ɓoye ya sayo cakulan da alewa ya kawo mata ɗaki, ya ce ta raba wa yara a ce daga jirgi ne. Ta raba. Babbar jikar ta juya ledar ta ce, "Kaka, wannan ai ta kantin bayan gidanmu ce." Aka yi dariya, Inna ma ta yi. Amma da ta dawo gida ta ce wa Babban ta gama hawa jirgi. In jikoki suna son ta, su zo.

Ya ce keke dai ba fashi. Ta ce to tafiya ma ba dole. Aka zauna a haka har lokacin tafiya ta gaba ya matso. 'Yar ta yi ta kira a waya, yau roƙo gobe fushi, ta sa yaran su ma suka kira. Daga ƙarshe Inna ta ce za ta je sau ɗaya tak. Idan aka sake wucewa da ita kamar buhu, wannan ce ta ƙarshe, kuma kada wanda ya sake yi mata maganar.

Ranar tafiyar, Babban ne da kansa ya kai ta. Aka auna akwati, aka ba ta takardar shiga jirgi, aka ce su jira mai keke. Wanda ya zo wani dattijo ne siriri, gemunsa ya yi fari, da 'yar rediyon aiki maƙale a kafaɗa.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai za ka tura ni, ko ni zan tura ka?"

"Sai mu riƙa karɓa-karɓa, Inna," ya ce, yana sauke matakin ƙafa. "Ki fara hawa."

Babban ya durƙusa ya gyara mata zani a kan gwiwa, ya ce wa mai keken, "Baba, don Allah kai tsaye ƙofar jirgi. Kada ka bari ta sauka."

"Ka ji shi," in ji Inna. "Ni na goya shi, yau shi ke ba da ni amana."

Suka wuce shinge, Babban ya tsaya yana ɗaga hannu. Da aka gama bincike, mai keken ya karkata zai shiga lungun nan na ma'aikata. Inna ta sa sandarta a ƙasa ta tokare.

"Tsaya, ƙanena. Ciniki za mu yi."

"Inna, ko sisi ba ma karɓa. Aikina zan rasa."

"Wa ya yi maganar kuɗi? Kantunan can nake so ka bi da ni."

Ya sosa gemu. Ya ce aikinsa shi ne ya kai ta ƙofar jirgi, amma ba a hana fasinja ya ce a tsaya masa a kanti ba. Mutane ne ba sa tambaya, su kuma ba sa tuna musu, don masu turin kaɗan ne, masu jiran keke da yawa.

"Wancan karon ba wanda ya gaya mini."

"Kin tambaya?"

"Ina na ga fuskar tambaya? Gudu yake da ni kamar ya sato ni."

Mai keken ya yi dariya. "To, kanti ɗaya."

"Albarka."

"Inna, nan ba kasuwa ba ce."

"Duk inda mutum biyu suka tsaya, ɗaya yana so ɗaya yana ja, kasuwa ce. Layin nan duka nake so."

Ya nuna mata rediyon kafaɗarsa. Ya ce akwai jirgin da ke hanya, a ciki akwai wani bawan Allah da ba ya iya taka ƙasa ko kaɗan, kuma shi aka rubuta zai ɗauko shi. Bai san lokacin da zai sauka ba, don an ce ya makara. Abin da zai iya shi ne su shiga kantunan, amma da zarar rediyo ya kira shi, ko me take riƙe da shi, tafiya za su yi.

Inna ta yi nazari. Ta san cinikin da ya kai ƙarshe in ta gan shi. "Na saya," ta ce. "Tura."

Da farko ranta ya ɓaci. Duk abin da ta sani a kantin ya koma saman kanta. Kwalaben turaren da ta saba kallo ido da ido, yanzu sai ta ɗaga wuya kamar mai neman wata. Mutane suna wucewa, jakunkunansu suna gogar kafaɗarta. Ta ce wa mai keken ya miƙo mata wancan, ya miƙo, ta ce ba shi ba, na kusa da shi. Ta ji kanta tana yin abin da ta tsana, wato aike.

Wuyanta ya gaji ta sauke kai. A nan idonta ya faɗa kan abin da ke gabanta daidai, a kantar ƙasa, kusa da gwiwar masu tsayuwa. Man shafawa ne irin wanda 'yarta take so, guda biyu a ɗaure wuri ɗaya, da 'yar takardar ragi a jiki. Ta miƙa hannu ta ɗauka da kanta. Ta ce a sauko mata da na sama ta haɗa su. Mai ɗaya ne, nauyi ɗaya, kwali ne kawai aka sake wa na saman.

Ta bi kantar da ido har ƙarshenta. Ga turaren mata haɗe da mansa a akwati ɗaya, ragowar wani yayi da ya wuce. Ga sabulu mai tsada an tara shi a kwando. Sai ta fashe da dariya, har mai keken ya leƙo ya ga ko lafiya.

"Ƙanena, ka san a rumfata ina nake ajiye kayan da suka fi kawo riba? Daidai idon mai saye. Wanda nake so ya fita ko da ragi kuwa, ƙasa nake tura shi, wajen ƙafata, sai mai naci ya gani. Shekara da shekaru ina shigowa nan ina taƙama, ashe da dabarata ake kama ni. Gwiwa ba ta bari in sunkuya, ban taɓa kallon ƙasa ba."

"Ashe keken ma da ranarsa."

"Kada ka yi saurin yabonsa. Karanta mini ranar lalacewar nan tukuna. Araha ba ta hana a duba."

Rubutun ƙanana ne. Mai keken ya laluba aljihu, ya ce ya baro tabaraunsa a ɗakin ma'aikata. Inna ta ciro nata ta miƙa masa. Ya sa tabarau mai jan firam na mata, ya kai kwalin kusa da fitila, ya ce da sauran lokaci mai yawa. Yarinyar kantin tana kallonsu tana danne dariya.

"Ki yi dariyarki, 'yar nan," in ji Inna. "Tsofaffi biyu, ido ɗaya. Ke ma kina tafe."

Daga nan aiki ya kankama. Ta ce ya tafi a hankali, ya manne da kantar kaya, kada ya bi tsakiya. Ba duk na ƙasan ne ya ci jarrabawa ba. Wani ƙaton gwangwanin cakulan mai hoton jirgi, ta ɗaga ta jijjiga, ta ji yana kwaram-kwaram, ta ce rabinsa iska ce, ita kuwa ba ta sayen iska. Ta ɗauki na leda marar ado wanda ya fi shi nauyi. Ga babbar jikar, wadda ta gane ledar kantin bayan gidansu, ta zaɓi wani ɗan madubi mai marfi, ta ce mai ido irin nata ya kamata ta riƙa kallon kanta ta bar mutane.

A kanti na biyu mai keken ya yi gyaran murya. Ya ce shekarunsa da yawa yana wucewa ta nan, bai taɓa sayen ko alewa ba, don ma'aikaci ba shi da takardar shiga jirgi. Amma akwai wani mai da maiɗakinsa ta gani a hannun wata, kullum sai ta yi maganarsa. Ya nuna shi. Inna ta karɓa ta duba kuɗin jiki, ta mayar.

"Kada ka sa shi a rai. Wannan a gari ya fi sauƙi. Ka je layin masu kayan shafa, ka ce wa ta rumfar kusa da famfo ni na aiko ka. Kuma kada ka biya kuɗin farko da ta faɗa, 'yar ƙanwata ce, ni na koya mata."

Saura surukinta, mijin 'yar. Tun abin da ya faru take son ta kai masa turare na ƙwarai, don ta san da kyakkyawar niyya ya sayo cakulan ɗin nan. Suka shiga ɓangaren turaren maza. Ta ware guda biyu da kuɗinsu ya yi mata, aka fesa mata kowanne a 'yar takarda. Ta riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu tana kaɗawa. Ƙa'idarta ce ba ta yanke hukunci a feshin farko. Ta ce turare kamar baƙo ne, sai ya zauna ya huce ake sanin halinsa.

Rediyon ya yi ƙara. Wata murya ta ce jirgi ya sauka, ana jiran keke a ƙofa.

Hannun mai keken ya koma kan mariƙi. Yarinyar kantin ta ce, "Mama, ki ɗauki ko wanne, duka suna da kyau." Inna ta dubi kwalaben biyu, ta dubi takardun hannunta.

"A'a. Ba na sayen turare a guje. Lissafa mini waɗannan, mu tafi."

Aka duba takardarta ta shiga jirgi, ta biya, aka zuba kayan a leda aka liƙe bakinta da rasit a ciki. Ta ɗora a cinya ta rungume. Mai keken ya ɗauki hanya da sauri, ƙafar keken ɗaya tana ƙiiƙii. A ƙofar jirgi ya taimaka mata ta koma kan kujera, ya jingina mata sandarta kusa da hannu, ya gaya wa ma'aikaciyar wurin a shigar da ita da wuri.

"Allah ya kiyaye hanya, Inna."

"Amin, ƙanena. Ka gaida maiɗakin. Yi sauri, bawan Allah yana jira."

Ya juya keken ya tafi. Inna ta zauna tana kallon jirage ta gilashi. Can ta tuna da takardun da ke hannunta. Ta shinshina na dama, ya koma wani zaƙi-zaƙi kamar alewa. Ta shinshina na hagu, ya kwanta, ƙamshinsa a natse. Ta jefa na dama a kwandon shara, na hagun ta cusa shi a cikin fasfo. Sannan ta ciro waya ta kira Babban.

"Inna, kin isa ƙofar? Ba ki sauka ba dai ko?"

"Ban sauka ba. Ga kaya nan a cinyata, na yara da na ƙanwarka."

"Kaya? A ina kika samu?"

"A inda ake samu. Mijinta ne kawai bai samu ba, lokaci ya ƙure. Amma na san wanda zan saya masa, sai zuwa na gaba."

"Ashe akwai na gaba?"

"Ji shi da wata magana. In bar bawan Allah ba turare? Ka dai gaya musu su sa wa keken nan mai, ƙafarsa ɗaya tana kuka. Kuma keken dawowa ma a ajiye mini."